Ina baƙo zai ci abinci a Yamai idan hutu ya kama?



Duk sa'ad da ranar hutu ta faɗo kusa da Asabar da Lahadi, motocin Yamai sukan cika tun daga Damagaram, kafin su iso Maraɗi sai dai a yi ta roƙon kujera. Wani za shi gaida ɗansa da ke aiki can, wata za ta ganin jikan da aka haifa mata, wasu kuma ƴan uwanmu ne da suka sauka filin jirgin sama na Diori Hamani daga Abijan, Aljeriya ko Faransa, suna so su yi kwana biyu a birni kafin su kamo hanyar gida. Wurin kwana bai cika ba mutanenmu wahala ba, don da wuya ka rasa ɗan garinku a Yamai. Abin da aka fi kiranmu a kansa shi ne abinci. Mutum ya fita tun da safe, gidan da ya sauka yana can Talaje ko ƙetaren gulbi, rana ta take, yara sun fara kuka, to ina zai nufa? Yaya kuma zai gane wurin da zai ci ya tashi lafiya, aljihunsa ma ya tashi lafiya?

Mun tattara abin da muka gani a tafiye-tafiyenmu na aiki, da abin da direbobi da fatake masu bin hanyar nan kullum suka saba gaya mana. Ba za mu kama sunan gidan abincin kowa ba. Ba talla muke yi ba, kuma wurin da ya yi daɗi bara yana iya sake hannu bana.

Wane hutu ne tukuna?

Hutun gwamnati daban, hutun Salla daban, kuma a nan ne baƙi da yawa ke yin kuskure. A ranakun gwamnati, kamar 3 ga Agusta, ranar da ƙasarmu ta samu ƴancin kai a 1960, wadda ita ce kuma ranar dashen itace, ko 18 ga Disamba, ranar da aka kafa jamhuriya a 1958, ko 1 ga Mayu ta ma'aikata, ofisoshi da bankuna da makarantu ne ke rufewa. Masu abinci kuwa ranar cinikinsu ce. Waɗanda kawai za ka rasa su ne matan da ke kafa tukunya a bakin ma'aikatu, musamman a unguwar Filato, don masu sayensu suna gida kwance. Kada wani ya kwatanta maka mai dambun da ke ƙofar wata ma'aikata, ka biya taksi ka je ranar hutu, benci kawai za ka tarar a kife.

Salla ita ce mai wuyar. Da yawa daga masu shayi, masu tsire da masu tuwon Yamai suna da gida a Adar, Arewa, Dosso ko Zarmaganda, kuma Salla ce lokacin da suke komawa ganin iyali. Waɗanda suka tsaya, ranar babbar Salla hidimar layyarsu suke yi, mahauta kuma suna bin gida-gida suna fiɗa. Sai ka ga abin mamaki: gari duk hayaƙi, kowane titi an jera raguna a kan sanduna kewaye da wuta, ƙamshi ya cika ko'ina, amma babu inda za ka sayi naman dala ashirin. Mu dai mun san al'adar, ranar farko kayan ciki ake soyawa, naman kuma yana yini a bakin wuta, sai washegari a yanka a rarraba. Yaron da aka haifa a Faransa bai san haka ba, zai yi ta nuna rago yana cewa a ba shi. A faɗa masa tun da wuri.

Saboda haka wanda zai yi Salla a Yamai ya yi sayayyarsa tun jajibiri: burodi, sukari, madara, gari, ƙuli-ƙuli, dabino, ruwan sha. Ranar Salla abincin gida shi ne abinci, kuma ba kunya ba ce ka zauna inda ka sauka ka ci abin da aka ci. In ya zama dole a ci a waje, wuraren da aka fi samu a buɗe su ne na manyan otal-otal da na baƙi ƴan Togo, Benin da Kodibuwa waɗanda ba Sallar suke yi ba. Wurare kan fara buɗewa sannu-sannu daga yammacin rana ta biyu, amma kasuwa ba ta komawa daidai sai an kwana uku ko huɗu. Ƙaramar Salla ta fi sauƙi, rabin yini ne kawai gari ke yin tsit.

Kowane abinci da lokacinsa

Abincin titi a Yamai yana bin agogo, wanda ya san agogon ya riga ya gama rabin aikin. Da safe, daga fitowa masallaci zuwa wajen ƙarfe 9, lokacin mai shayi ne da burodi da ƙwai, da matan da ke suyar ƙosai, waina da fari masa a bakin titi, da masu koko. Wanga abinci ya fi kowane aminci ga baƙo, don a gabanka ake tsamo shi daga mai, da zafinsa.

Abincin rana yana sauka wajen 12 da rabi. Shinkafa da miya, shinkafa da wake, dafa-duka, taliya, dambu da zogala, da kwaɗon da Zabarmawa ke kira kopto. Daga nan zuwa ƙarfe 2 shi ne lokacin ci. Bayan ƙarfe 3 abin da ya rage gindin tukunya ne, ya huce, ya sha rana, an yi ta buɗe shi ana rufewa. Mutanenmu na ƙauye sun saba da haƙurin yunwa, sai su ce bari a gama yawo tukuna a ci. A birni wannan haƙurin ba ya biya. Ka ci da wuri, ka ci gaba da yawonka. In kuma hutun ya haɗa da Juma'a, a tuna masu abinci maza suna rufewa su tafi masallaci daidai lokacin da yunwa ke kamawa.

Da la'asar sakaliya wuta ke tashi wajen masu nama: tsire, balangu, gasassun kaji da zabbi, da kifi. Nan ma na farkon wuta ya fi. Naman da ka tarar ƙarfe 11 na dare an naɗe shi cikin takarda a gefen wuta, ka tambaya a sake gasa maka shi a gabanka har ya yi ƙara, ko ka haƙura.

Wace unguwa?

Mai jin Hausa kaɗai kada ya ji tsoro. Zabarmanci ya yi yawa a Yamai, amma a kewayen Babbar Kasuwa, Katako da Wadata Hausa za ta kai ka ta dawo da kai, kuma masu nama kusan duk inda suke Hausa suke ji. Kalma biyu ta Zabarmanci na buɗe fuskar mai abinci: "fofo" ita ce sannu, ita ce kuma na gode, "marje no?" kuma nawa ne. A kewayen kasuwannin nan ne ake samun abinci mai ƙosarwa da araha, don ƴan dako da ƴan tireda ake dafa wa, mutanen da ba su yarda a cuce su a kan kwano.

Abincin bakin tasha kuwa a yi hattara da shi. Ba mu ce duk marar kyau ba ne, akwai masu tsoron Allah a ciki. Amma mai sayarwa a ƙofar tasha ya san fasinja yau ya gan shi gobe ba zai gan shi ba. Mai tuwon cikin unguwa kuwa, in ta ɓata miya yau, gobe maƙwabta za su gaya mata a fuska. Ka ɗauki kayanka ka taka titi biyu ko uku ka shiga unguwa, farashi zai sauka, kwano zai ƙaru.

Wanda ya zo daga Maraɗi, Tawa ko Damagaram, abin da ya kamata ya nema a Yamai shi ne abin da babu a gida, wato kifin gulbi ɗanye. Da yamma a bakin Isa, ta wajen Yantala da Gamkale, da kusa da gadar Kennedy, akwai wuraren zama da ake gasa karfasa da giwan ruwa, ga iska, ga jiragen masunta suna wucewa. Ka nemi a nuna maka kifin kafin a sa shi wuta. Ido ya kasance garau a waje, ƙasan kunnen ja, naman kuma in ka danna ya dawo. In an ce ba a nunawa, akwai dalili. A yi ciniki tun yana ɗanye, don bayan ya gasu ba ka da bakin magana. Da damina kuma a shiga da yara da wuri a fito da wuri, sauron bakin gulbi ba ya wasa.

Akwai kuma abincin maƙwabta da Yamai ta saba da shi. Ƴan Senegal suna da shinkafarsu da kifi da ake kira ceb, da rana ake samunta, kuma faranti ɗaya kan ishi uwa da ƙaramin yaro. Ƴan Kodibuwa suna da aceke, wanda ake yi da rogo, a ci da soyayyen kifi da albasa da tattasai. Wanda ya yi ci-rani a Abijan ba sai an kwatanta masa ba. Abu ɗaya dai: wuraren da ake kira maki, da yawansu ana sayar da giya a ciki. Mai tafe da iyali ko da tsoho ya leƙa shi kaɗai tukuna ya ga tebura, kafin ya shigo da mutane a zo ana jin kunyar fita.

Ranar hutu gidan tarihi na Boubou Hama kan cika da yara masu zuwa kallon zaki da dorina, ƙofarsa kuma ta cika da masu tallar kayan sanyi. A ƙoshar da yara kafin a je. Ƙetaren gulbi, a Harobanda, kewayen jami'ar Abdou Moumouni akwai abinci mai rahusa saboda ɗalibai, sai dai in ɗaliban sun tafi hutu wasu masu abincin ma sukan ɗaga.

Yadda ake gane wurin kirki

Ba fenti ba ne, ba talabijin ba ne, ba kuma yawan fanka ba. Mu kanmu mun taɓa faɗawa. Mun je Yamai ɗaukar rahoto cikin watan Afrilu, muka makara, sai wajen ƙarfe 4 muka samu wani wuri mai gilashi da kujeru masu kyau, babu kowa ciki. Muka ce mun tsinci dami a kala. Aka kawo mana salati da mayones da kaza mai sanyi-sanyi. Mu uku muka ci, biyu suka kwana suna zarya, rahoton safe kuwa mutum ɗaya ya yi shi. Da mun tsaya mun tambayi kanmu me ya sa wuri mai kyau haka ba kowa, da ba mu zauna ba.

Alama ta farko ita ce jama'a. Inda ka ga taksi huɗu ko biyar a fake da tsakar rana, direbobi suna kan benci, shiga. Direban taksi ya san gari, ba ya da kuɗin ɓatarwa, kuma in cikinsa ya ɓaci ya yi asarar yini guda. Shi ya sa ma tambayar direba ta fi amfani in ka iya yin ta. Kada ka ce masa ya kai ka wuri mai kyau, zai kai ka inda yake kai Turawa. Ce masa: "Malam, kai ina kake cin abincin rana?" Inda abinci ke ƙarewa da sauri, ba ya samun lokacin lalacewa.

Sai ka dubi hannu da ruwa. Wadda ke zuba abinci ita ce ke karɓar kuɗi da hannun nan? Ruwan wanke kwanoni an sake shi, ko tun na safe ne ya koma kamar kunu? Akwai buta da sabulu inda za ka wanke hannu da ruwa mai zuba, ko kwano ɗaya ne kowa ke tsoma hannu? Tukwane a rufe suke? Man suya ya yi baƙi ƙirin? Duk wannan kafin ka gama sallama ka gan shi. Ba dole ka ce komai ba, ka gaisa ka wuce.

Lokacin zafi, daga Maris zuwa Mayu, zafin Yamai yana wuce digiri 40, kuma lokacin ne aka fi ɗauke wuta. Firigo in ya daɗe a mace ya dawo, abin da ke ciki zai sake yin sanyi, amma mai yiwuwa ya riga ya lalace, ido kuma ba ya gani. Don haka a lokacin nan a nisanci mayones, salatin da ba a gabanka aka wanke ba, da kankana ko gwandar da aka yanka aka ajiye. Solani da sauran nonon leda, in ledar ta kumbura ko ba ta da sanyi, a bar ta. Bisap da lemu hari suna da daɗi, amma ba ka san ruwan da aka haɗa su da shi ba, haka ma ƙanƙarar da ake fasawa a zuba. Babba mai ƙarfin ciki ya yi yadda ya ga dama, yara dai a ba su ruwan kwalba ko na leda mai hatimi. Mu mutanen Maraɗi ba mu manta da kwalarar 2018 da ta 2021 ba, ta ruwa da abinci take shiga.

In duk da haka zawo ya kama wani, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take. Akwai na sashe a farmasi. In babu, a samu lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a yi ta ba shi kaɗan-kaɗan. Ranar hutu ba duk farmasi ke buɗewa ba, bi da bi suke yin gadi, kuma akan liƙa sunayen masu gadin a ƙofar waɗanda ke rufe. Zawo kamar ruwan shinkafa, ko amai da ba ya tsayawa, ko jini, ko yaro ya yi laushi idonsa ya faɗa, wannan ba na jira ba ne, a kai shi likita ko da tsakar dare ne.

Maganar kuɗi

Nan ne ake yawan rigima, kuma sau da yawa ba cuta ba ce, lissafi ne ya bambanta. Da Hausa da Zabarmanci da dala muke ƙirga, dala ɗaya kuma faran 5 ce. Da Faransanci kuwa faran ake ƙirgawa kai tsaye. In mai abinci ta ce "ɗari", dala ɗari take nufi, wato faran 500. In kuma a rubuce ka ga 500 a jikin allo, dala ɗari ce, ba dala ɗari biyar ba. Jaka guda faran 1000 ce, dala metan. Mutumin ƙauye ya ga 2500 a takarda sai gabansa ya faɗi, alhali jaka biyu da rabi ce. Wanda ya daɗe a Kano ko Legas kuma ya ji "hamsin" sai ya miƙa faran 50, alhali 250 ake nufi. Masu zuwa daga Turai su riƙe cewa yuro ɗaya faran 655 ce da ƴan kai, yuro 10 ke nan jaka shida da rabi da ɗoriya.

A tambayi farashi kafin a zauna, a kuma tambaya ko da nama ne ko babu, don a wurare da yawa kuɗin shinkafa daban, na nama daban. A tanadi canji tun kafin hutu, bankuna a rufe suke, kuma mai ƙosai ba za ta iya fasa maka jaka goma da sassafe ba. Wanda ake turo wa kuɗi ta Nita ko Amana ya karɓe su tun ana gobe hutu, layin jajibiri ya fi layin rijiya da rani.

Ga ƴan uwa da suka zo daga waje

Mun san yadda abin yake. Ka yi shekara uku ba ka zo ba, kana so ka kai inna da baba babban wuri su ga ka yi arziki. Akwai irin waɗannan wurare a Filato da Terminus da cikin manyan otal-otal, na Labanawa, na Turkawa, na ƴan Sin da na ƴan ƙasa. Amma kada a dogara da lokacin buɗewa da aka rubuta a intanet ko a Facebook, ranar hutu ba a cika bin sa ba. A kira lambar, ko a aika yaro ya gani da ido, a kuma faɗa musu mutum nawa ne. A irin wurin nan farantin mutum ɗaya yana iya cin kuɗin cefanen gida na kwanaki, don haka a karanta takardar farashi, a kuma duba lissafin kafin a biya. Abin da za ka ƙara wa yaron da ya yi muku hidima kyauta ce, ba tilas ba.

Sai kuma a yi tunanin tsofaffin. Sau nawa muka ga an kai dattijo wurin cokali da wuƙa, ya zauna a takure, ya taɓa kaɗan ya ce ya ƙoshi, a dawo gida ya nemi fura? In shi ake so a faranta wa, a tambaye shi. Sau da yawa abin da zai fi so shi ne a sayo balangu mai zafi da gasassun zabbi da burodi, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a kira maƙwabta.

Abin da muka faɗa a kan Yamai haka yake a sauran manyan garuruwanmu in taro ya cika su. Waɗanda suka ga bikin 18 ga Disamba na Maraɗi Kwalliya a 2015, ko na Tawa a 2017, ko na Damagaram a 2018, da masu bin kokowar takobi jaha-jaha, sun san yadda sababbin masu abinci ke tsirowa a bakin fili kwana ɗaya, su ɓace ranar da aka watse. Nan ma tsohuwar mai tuwon cikin gari ta fi.

Guzurin komawa

Motocin gabas da asuba suke tashi daga Yamai, lokacin ko mai shayi bai gama hura wuta ba, don haka guzuri tun dare ake haɗa shi. Maraɗi kusan kilomita 660 ce, Damagaram kusan 900, yini ne cur a zaune. Mota tana tsayawa a hanya, ta Dosso, Dogon Dutsi, Ƙwanni ko Madawa, amma tsayawar salla ce da shan ruwa, direba ba zai jira a gasa maka kaza ba. Burodi, dabino, ƙuli-ƙuli, dafaffen ƙwai da ba a ɓare ba da kilishi su ne ke jure zafin mota. Shinkafa da miya a leda ba ta kai azahar. Kilishin tsaraba a zaɓi busasshe wanda ke karyewa, a naɗe shi a takarda, kada a ɗaure shi a leda ya yi gumi. Mai son albasa kuma ya bari sai an iso Galmi, in direba ya yarda ya tsaya.